Yadda Ake Fitar da Tsohuwar Land Cruiser Idan Ta Kafe a Rairayi

Matafiyin da ya taso daga Gombe ya bi ta Potiskum da Gashuwa zuwa tuddan rairayin Yusufari, da wuya ya dawo motarsa ba ta kafe ba.

Da zarar taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa daga totur, domin naci ƙara binne motar yake yi. Sai a sauka a murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, waɗanda ke sa su ma su ja motar, kasancewar a yawancin tsofaffin motocin nan da hannu ake kulle su, kuma nan ne direbobi suka fi mantuwa. Bayan haka a sace iskar tayoyin huɗu har ma'aunin iska ya nuna kamar 15 psi, yadda kowace taya za ta baje cikinta a kan yashi. A kwashe rairayin da ke gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa katako ko tsohuwar tabarma. Daga nan a sa ƙaramar giya ta huɗu-huɗu, wato mai jan duk tayoyin huɗu, a miƙe sitiyari, a ja a hankali.

Kafin a hau kwalta, lallai a mayar da iskar da famfo.