Ƙwaron da ke gaigaye lafanda da rosmeri

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Ingila masu 'yan tukwanen shuka a bayan gida. In kun ga kan ganyen lafandarku ya gaigaye ya bushe, ku duba da kyau. Akwai wani ɗan ƙwaro mai sheƙi, bai fi ƙwayar wake ba, bayansa da zane kore da shunayya. Kyansa kamar dutsen zobe, amma fa ɗan ɓarna ne. Asalinsa daga kudancin Turai yake, tun shekarun 1990 ya samu gindin zama a Ingila.

Ba kowace shuka yake ci ba. Masu ƙamshi yake bi: rosmeri, lafanda, sej da tayim. Saboda haka in kun jera su wuri guda, kun haɗa masa walima ke nan. Ku raba tukwanen, kuma ranar da kuka gan shi a kan ɗaya, ku bincike sauran.

Daga ƙarshen Agusta yake fara ci sosai da zuba ƙwai a ƙarƙashin ganye. Tsutsarsa mai ruwan toka ita ma ganyen take ci har bayan sanyi.

Ni dai ba na fesa magani, don ƙudan zuma na son furen lafanda ƙwarai. Tsohuwar jarida nake shimfiɗawa a gindin shukar da sassafe, in girgiza rassan, ƙwarin su zubo, in juye su cikin ruwan sabulu. Sai in ɗaga ganyen in tsince tsutsar da hannu.