Yadda ake neman cikakkiyar kalma da grep, manhajar bincike cikin rubutu, a layin umarni

A ce kana riƙe da jerin sunayen ɗaliban wata makarantar Islamiyya a Tudun Wada, nan Zariya, a cikin fayil mai suna dalibai.txt, kuma kana son ganin inda sunan Ali ya fito. Idan ka buɗe tagar umarni a kwamfuta mai Linux ka rubuta grep -i ali dalibai.txt (-i na sa grep ya daina bambanta babban harafi da ƙarami), za ka ga Ali, amma tare da shi Aliyu da Halima da Salisu duk za su biyo, domin haruffan nan uku suna jere a cikin sunayensu. Ba laifin grep ba ne. Tun da Ken Thompson ya rubuta shi a 1973, aikinsa shi ne fito da duk layin da ke ɗauke da jerin haruffan da aka ba shi.

Matakin farko shi ne a ƙara -w, wato a rubuta grep -iw ali dalibai.txt. Da wannan, grep ba zai karɓi abin da ya samu ba sai idan babu harafi ko lamba ko alamar _ manne da shi ta gaba ko ta baya, don haka Aliyu da Halima za su fita daga sakamakon. Idan kana son lambar layin, ka ƙara -n. Idan kuwa layin gaba ɗaya kake so ya yi daidai da abin da ka rubuta, -x ne abin amfani.

Mataki na biyu ya fi shafar mai rubutun Hausa, kuma nan ne ya kamata a nutsu. A wurin grep, alamar hamza da ke cikin sa'a ba harafi ba ce, iyakar kalma ce, haka ma karan ɗori. Saboda haka grep -w sa zai kawo maka sa'a, grep -w ya zai kwaso 'ya'ya, neman maza kuma zai fito da maza-maza. Maganinsa shi ne ka fayyace iyakar da kanka:

grep -E "(^|[^[:alnum:]'-])sa([^[:alnum:]'-]|$)" rubutu.txt

Umarnin yana da muni a ido, amma ma'anarsa mai sauƙi ce: kafin sa da bayansa, ko dai farkon layi da ƙarshensa, ko wata alama da ba harafi ba, ba lamba ba, ba hamza ba, ba kuma karan ɗori ba. A lura an kewaye shi da alamar zance mai ɗigo biyu ("), domin mai ɗigo ɗaya (') za ta yi karo da hamzar da ke ciki, tagar ta tsaya tana jiran ka rufe zance.

Mataki na uku shi ne duba haruffa masu lanƙwasa. Rubuta locale, umarnin da ke nuna tsarin harshe na kwamfutarka, ka tabbatar akwai UTF-8 a amsar, wato tsarin da ya san irin waɗannan haruffa. Idan amsar ta nuna C a maimakon haka, grep ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ a matsayin haruffa, sai ka nemi asa ya miƙo maka ƙasa duk da ka sa -w.

Game da ƙirge, -c layuka yake ƙirgawa, ba kalmomi ba, don haka layin da Ali ya fito sau biyu a matsayin ɗaya zai shiga lissafi. Don samun ainihin adadin, rubuta grep -iow ali dalibai.txt | wc -l, inda -o ke ware kowace fitowa a layinta, wc kuma ya ƙirga su.