Atisayen tashi daga kujera don kare tsoho daga faɗuwa

1. A samo kujerar katako mai tsayin kusan santimita 45, a jingina bayanta da bango. Kujerar roba tana zamewa. A naɗe tabarma, a cire silifas.

2. Tsoho ya matso bakin kujera, ya ɗan ware ƙafafu, ya ja diddige baya har ƙarƙashin gwiwa. Nan ake yawan kuskure: idan ƙafafu suka yi gaba, nauyin jiki yana komawa baya, sai mutum ya kasa ɗagowa ko ya faɗa kan kujerar.

3. Ya sunkuyo gaba, ya miƙe a hankali. Da farko yana iya dafa hannun kujera.

4. Ya tsaya ya ƙirga uku, sannan ya zauna sannu a hankali, kada ya faɗa tim. Saukowar ma tana ƙarfafa cinyoyi.

5. Sau 5, a huta minti ɗaya, a maimaita. Idan ya saba, a kai 10.

Mai taimako ya tsaya a gefensa, hannu a ƙugun tsohon, ban da jan hannu. Idan jiri ya zo, musamman ga mai shan maganin hawan jini, ko ƙirji ya yi ciwo, a dakata a ga likita.