Yadda ake wanke tankin ruwan na'urar sipap ta masu ɗaukewar numfashi cikin barci

Duk wanda likita ya ɗora a kan na'urar sipap, wato injin nan da ke hura iska ta tiyo da takunkumi ga mai ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, ya san ɗan tankin roba da ke gefenta. Ana zuba masa ruwa, ƙarƙashinsa akwai farantin ƙarfe da ke ɗumama ruwan, iskar sai ta bi ta samansa ta kwashi laima kafin ta isa hanci. Ba don shi ba da mutum ya riƙa wayar gari da busasshen maƙogwaro da toshewar hanci, wani har da haɓo, musamman a hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Wannan tankin kuwa yana cikin sassan da suka fi saurin yin datti a jikin na'urar. Ruwa mai ɗumi, a rufe, cikin duhu, dare guda cur: babu abin da ƙwayoyin cuta da fumfuna ke so kamar haka. Ga shi iskar da ta ratsa ta kansa hanyarta ɗaya, hanci da huhu. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa akwai ƙarin matsaloli biyu da takardar kamfani ba ta cika yin lissafi da su ba, wato irin ruwan da muke da shi da kuma ƙura.

A fara da ruwan da ake zubawa

Rabin aikin wanki yana ƙarewa ne tun wajen zaɓen ruwa. Wanda ya fi dacewa shi ne ruwan distil, wanda aka tafasa ya zama tururi, aka tare tururin ya sake komawa ruwa. Irin wannan ba ya ɗauke da sinadaran ƙasa, saboda haka in ya ƙafe ba ya barin komai. Ruwan burtsatse da na rijiya kuwa sau da yawa suna ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam. Ruwan ya tashi tururi ya tafi, su kuma su zauna a gindin tankin su zama farin ƙanzo. Mai son sanin irin ruwan garinsu ya leƙa cikin tukunyar da ake dafa ruwan shayi a gidan. In akwai farin ɓawo manne a gindinta, to haka tankin zai yi, kuma cikin 'yan kwanaki.

Tankin ba shi da girma. Na AirSense 10 ta kamfanin ResMed, alal misali, mililita 380 yake ci, bai kai ledar fiya wata guda ba, mai mililita 500. Ko da a hunturu mutum yana ƙarar da shi kowane dare, abin da zai buƙata a mako bai kai lita 3 ba. Wanda ke shiga Kano ko Dutse ko Haɗejiya ganin likita zai iya sayo na wata guda a manyan shagunan magani ko wajen masu sayar da kayan asibiti da na ɗakin gwaji, a ajiye shi a rufe, a inuwa.

A nan dole a ja kunne sosai. Akwai masu cewa a sayo ruwan batir wajen makanikai tunda shi ma distil ne. Ruwan batir iri biyu ne: akwai zallan ruwa da ake ƙara wa batir, akwai kuma mai asid, kuma a ido ba a bambance su. Wani lokaci a tsohuwar jarkar asid ake ɗura zallan ruwan. Wanda ya zuba mai asid a tanki ya shaƙa zai iya ƙona hanyar numfashinsa. Duk ruwan da aka ɗura a jarka marar suna marar hatimi a bar shi inda aka gan shi, komai araharsa. Haka ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki: ya bi ta ƙura da fumfuna, bai dace ba.

Idan distil ya yanke, kada a fasa kwana da na'urar saboda haka. A ɗauki ruwan gora ko fiya wata mai kyau, ko ruwan burtsatse mai tsabta, a tafasa shi ya yi ɓulɓul na aƙalla minti ɗaya, a rufe ya huce, a tsiyaye na sama a bar na gindi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta raba ruwa da sinadaran ƙasa gaba ɗaya, don haka ƙanzo zai fito, sai dai a ƙara yawan jiƙa tankin a khal, ruwan tsamin girki da wasu ke kira binega. Ruwan kududdufi, na rafi, da na randar da kowa ke tsoma moɗa ba su da wuri a nan. Ruwan indararo ma ya wanko ƙura da kashin tsuntsaye daga kan kwano.

Ana iya haɗa distil a gida in da haƙuri. A zuba ruwa rabin babbar tukunya mai tsabta, a ajiye ƙaramin kwanon silba a tsakiya yadda bakinsa zai fi ruwan tsayi, a kifa murfin a birkice, mariƙinsa yana kallon ƙasa, a ɗora ƙanƙara ko ruwan sanyi a kan murfin. Tururi zai koma ruwa a jikin murfin ya gangaro ya ɗiga cikin kwanon. Yana cin lokaci da makamashi, kuma a kan gas ko gawayi ya fi, don hayaƙin itace yana sa wa ruwan ƙauri.

Aikin kowace safiya

A kashe na'urar, a zare ta daga wuta, a ba farantin minti 10 ya huce. Wanda ya kashe ta lokacin tashi sallar asuba, kafin ya dawo daga masallaci ta huce. A zaro tankin a miƙe ba tare da karkata shi ba, a zubar da duk ruwan da ya rage, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a bar shi a buɗe ya bushe. Da dare sai a zuba sabon ruwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙari a kan ragowar jiya, da sunan tattali. Duk ƙarin da aka yi, sinadaran ruwan suna daɗa kauri, ƙwayoyin da suka kwana a ciki kuma sun sami sabon abinci. In ana jin asarar distil, maganin shi ne a lura da yawan da na'urar ke sha a dare a riƙa zuba daidai shi da ɗan ƙari, ba sai an cika ba. Kada kuma a wuce layin da aka rubuta MAX a jikin tankin, don ruwan zai fantsama cikin tiyo ko ya koma cikin injin. A waje ake cika tanki, ba yana jikin na'ura ba.

Wankin mako

A ware rana guda da ba za a manta ba, ko Juma'a ko ranar kasuwar garin. Abin da ake buƙata: roba mai tsabta wadda ba a wanki ko wanke-wanken miya a cikinta, ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, sabulun ruwa na wanke kwanuka marar ƙamshi mai ƙarfi, da tsumma mai laushi ko buroshin haƙori mai laushi da aka keɓe don wannan aikin kaɗai.

A wanke hannu da sabulu tukuna. A buɗe tankin. Wasu suna da murfi mai maƙalli, wasu suna rabuwa gida biyu, wasu kuma an yi su ne a haɗe ba sa buɗewa, kada a sa wuƙa a ɓanɓare su. In akwai robar baki mai laushi da ke hana iska da ruwa zurarewa, a duba takardar na'urar ko ana cire ta, in ana cirewa a lura da yadda take zaune don a mayar da ita daidai. A ɗiga sabulu ɗigo biyu ko uku a ruwan, a tsoma sassan, a bi kowane lungu da buroshi, musamman kusurwoyi da ƙarƙashin robar bakin, nan ne yauƙi ke ɓuya. Tankin da ba ya buɗewa a zuba masa ruwan sabulun rabi, a toshe ƙofofin da yatsu, a jijjiga da kyau. A ɗauraye sau uku ko fiye har kumfa da ƙamshi su tafi. In ruwan gidan mai barin ƙanzo ne, ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ɗan distil ko tafasasshen ruwa.

Farin ƙanzo ba ya jin sabulu, tsami ne ke narkar da shi. A nemi farin ruwan khal na girki, wanda wasu ke kira binega, ana samunsa a manyan kantuna. In ƙanzon bai yi kauri ba, kashi 1 na khal a kashi 10 na ruwa ya isa, wato cokali 2 na cin abinci a ruwa mililita 300. A zuba ya rufe gindin tankin, a bar shi minti 30, a goge da tsumma. In ya riga ya kama sosai, a yi rabi khal rabi ruwa, a ba shi awa guda, a maimaita in bai fita duka ba. Ƙananan ƙwayayen kumfa da za a ga suna tasowa alama ce tsamin yana cin ƙanzon. Bayan nan a sake wankewa da sabulu, a ɗauraye har warin khal ya ɓace, in ba haka ba da shi za a kwana a hanci. Mai amfani da distil sau ɗaya a wata ya ishe shi, mai ruwan burtsatse kuwa kowane mako ne.

Inda babu khal, ruwan lemon tsami da aka tace da kyalle mai tsabta yana aiki, amma sai an bi shi da wankin sabulu sosai saboda yana barin danƙo. Tsamiya tana rina roba. Toka da kanwa ba sa narkar da wannan ƙanzon, toka ma ƙarzar tankin take yi. Soson ƙarfe ya fi su ɓarna: duk zanen da ya yi wa roba ya zama maɓoyar ƙwayoyin cuta da buroshi ba zai sake kaiwa ba, a gindin tankin na ƙarfe kuma yana jawo tabo da tsatsa.

Abubuwan da ba sa shiga tankin nan ko kusa: Hypo, Jik, Dettol, Izal, sifirit, garin omo, da tafasasshen ruwa mai zafi, wanda ke lanƙwasa roba har murfi ya daina zama daidai. Magungunan nan suna cinye roba, kuma ragowarsu huhu za ta tafi. Haɗa bilic, irin su Hypo da Jik, da khal yana fitar da iskar kulorin mai guba. Haka nan kada a ɗiga turare, man zafi, man habbatussauda ko wani maganin mura a ruwan da niyyar buɗe hanci. Mai in ya shiga huhu yana iya jawo kumburi, kuma yana lalata robar tiyo da takunkumi.

Shanya, da inda ake ajiye na'ura

A inuwa ake shanya tanki, cikin ɗaki, a kife kan tawul mai tsabta. Ranar bazara tana busar da roba ta sa ta tsattsage. A hunturu abin da aka bari a fili na awa guda ya riga ya yi fari da ƙura, don haka a lulluɓe shi da siririn kyalle mai barin iska ta ratsa. Da damina kuwa bushewa ke wuya, kuma tankin da aka rufe da danshi yana yin fumfuna cikin kwana biyu ko uku, sai a tabbata ya bushe ƙarau kafin a rufe. Kafin a haɗa da dare a leƙa ƙofofin tankin da bakin tiyo: kiyashi da kyankyasai suna bin laima, zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa a duk ramin da ya samu a buɗe. Farantin ɗumamar a goge shi da tsumma mai ɗan danshi bayan an zare wuta. Jikin na'urar ba a tsoma shi a ruwa.

Na'urar ta zauna ƙasa da kan mai barci kaɗan, don ruwan da ya taru a tiyo ya gangara tanki maimakon fuska. Mai kwana a katifar ƙasa ya ɗora ta a kan ɗan katako ko tire mai tsabta, ba kan daɓe kai tsaye ba, nesa da bango da labule. A nisanta ta da hayaƙin maganin sauro da turaren wuta, tana zuƙe su. Matatar iskar da ke bayanta a riƙa duba ta kowane mako a hunturu. Farar mai kama da auduga ba a wanke ta, canja ta ake yi da zarar ta yi ja. In matatar ta toshe ko ta yage, ƙurar a ruwan tanki take sauka. Da damina in aka ji ruwa yana ƙara cikin tiyo, a rage lambar laima a jikin na'urar, a kuma naɗe tiyon da zane. Duk sanda za a ɗaga na'urar, ko daga ɗaki zuwa tsakar gida ne lokacin zafi, a zare tankin tukuna. Ruwan da ya kwarara cikin injin shi ke kashe na'urori da yawa, kuma gyaransu ba a kusa yake ba.

Masu amfani da sola ko batir su sani farantin ɗumamar ne ya fi jan wuta. In cajin ba zai kai safe ba, a kashe ɗumamar a bar ruwan a ciki, iskar za ta ɗan kwashi laima ko da sanyi. Ruwan dai da safe zubar da shi za a yi.

Yaushe ake canja tanki

An saba ba da shawarar canja shi duk wata 6, amma ido ne alƙali. In aka ga tsaga, ko robar ta yi hazo ba ta washewa, ko gindin ƙarfen ya yi ramuka, ko robar baki ta saki har ana jin iska tana fita ko ana tarar da ruwa ƙarƙashin na'urar, lokacinsa ya yi. Kada a liƙe shi da gam. Yauƙi mai launin ruwan hoda ko baƙaƙen ɗigo alamar ƙwayoyin cuta ne ko fumfuna: a wanke da sabulu, a jiƙa a khal rabi da rabi, a wanke tiyo da takunkumi su ma a ranar. In sun dawo bayan haka, a jefar da tankin. Tunda kowace na'ura da irin tankinta, a ɗauki hoton lambar samfurin da ke ƙarƙashinta a waya kafin a aika a sayo, kuma wanda ke da hali ya ajiye guda biyu, ɗaya na bushewa ɗaya na aiki.

Mai amfani da na'urar in ya fara tari da ba ya tafiya, ko zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko majina mai wari, ya je asibiti, ya kuma gaya wa likita irin ruwan da yake zubawa da ranar da ya wanke tankin na ƙarshe.