Darasi na Bakwai: Ina Waya Take Ajiye Kayanmu?

Wuri biyu ne a cikin waya da mutane ke yawan rikitawa. Akwai ma'ajiya, inda hotuna, bidiyo, saƙonnin murya da manhajoji ke zaune ko da an kashe wayar. Akwai kuma RAM, inda waya ke ɗora aikin da take yi a lokacin. Ma'ajiya rumbu ce, RAM kuwa faifan da ake ɗebo hatsi a kai. Idan kuka ga 4GB da 64GB (GB shi ne gigabait, ma'aunin wuri) a jikin kwalin Tecno ko Infinix, ƙaramar lambar ta RAM ce, babbar ta ma'ajiya. Wannan 64 ɗin ma ba duka za ku samu ba, Android ya riga ya ci rabonsa.

Ku riƙe wannan da kyau: gigabait ɗin data daban, na ma'ajiya daban. Sayen data ba ya ƙara wa waya wuri.

To, me ke cika ta? Galibi WhatsApp ne. Gurup ɗin dangi, na Islamiyya, na 'yan kasuwa, kowa sai turo bidiyo yake, waya kuma tana saukewa. Bidiyon wa'azi ɗaya sai ya shigo ta gurup uku, alhali bidiyo ɗaya kan ci wurin hotuna masu yawa. Ku buɗe WhatsApp, ku shiga Settings, ku taɓa Storage and data, sannan Manage storage. Nan zai jero muku fayilolin da suka haura megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Ku buɗe kowanne ku gani kafin ku goge.

Hotunan da kuka ɗauka da kanku suna cikin folda mai suna DCIM. Abin takaici ne uwa ta miƙa wa yaro waya ya rage mata kaya, ya share hotunan sunan jikanta. Ku zauna kusa da shi, ku nuna masa abin da zai taɓa.

In za ku sayi memori, ko a Kasuwar Gumi ta Kaduna ko a shagon unguwa, ku sa a gwada muku shi a wayarku, domin akwai jabu. Asusun Google kuma yana ba da gigabait 15 kyauta, amma ɗora hotuna can yana cin data.

Aikin gida: ku duba gigabait nawa ya rage a wayarku, ku rubuta lambar a littafi, ku zo da ita aji.