Yadda za ka samu barci bayan tiyatar ciwon dajin furostet

Abin da ke hana mutum barci a makon farko bayan an cire masa furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, daban yake da abin da ke hana shi a wata na uku. Don haka kafin ka nemi magani, ka yi dare uku kana rubuta lokacin da ka farka da abin da ya tashe ka: fitsari ne, ciwo, zufa, ko tunani. Kowanne da hanyarsa.

A kwanakin farko robar fitsari ce babbar matsala. Yawanci tana kwana 7 zuwa 14 a jiki, wani lokaci har mako uku, don ɗinkin da ya haɗa mafitsara da bututun fitsari ya kama. Ƙaramar jakar da ake ɗaurewa a ƙafa rabin lita take ɗauka, ba za ta kai ka asuba ba. Da dare ka jona mata babbar jaka mai lita biyu, ka tabbatar ka buɗe famfon ƙaramar, domin mantawa da shi ne ke sa mutum ya farka mara a cike. Dole jakar ta kasance ƙasa da mararka. Wanda ya saba kwana a tabarma ko katifa a ƙasa ya daure ya koma kan gado har a cire robar, ya rataye jakar a gefen gadon ko ya saka ta cikin bokiti mai tsafta. A manne robar a cinya da filasta, a bar mata ɗan sassauci don kada juyi ya fizge ta, a kuma duba cewa gidan sauron da aka cusa ƙarƙashin katifa bai lanƙwasa ta ba. Kwanciyar rigingine da matashi ƙarƙashin gwiwa ta fi sauƙi.

Murɗawar mara da ke zuwa kamar fitsari ya matsa alhali roba na ciki, mafitsara ce ke ƙoƙarin turo ta waje. Taurin bayan gida na ƙara tsananta ta, kuma tiramadol da kodin su ne kan gaba wajen kawo shi. Ka ci gwanda, zogale, miyar kuɓewa, kada ka yi yunƙuri. Idan murɗawar ta hana runtsawa, akwai maganin da likita ke rubutawa. Shi kuwa ciwon ɗinki, ka sha maganinsa rabin sa'a kafin kwanciya, kada ka jira ya tashe ka. Farasitamol kada ya wuce giram huɗu a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500.

Bayan an cire robar sai a shiga yawan tashi da ɗigar fitsari. Dalilin shi ne an cire ɗaya daga cikin abubuwan da ke riƙe fitsari, saura tsoka guda ke aikin, ga mafitsara ta yi kwanaki ba ta cika ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne daina shan ruwa. Fitsari mai kauri yana ƙona mafitsara, sai tashin ya ƙaru. Ka sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu, fiye da haka lokacin bazara, amma yawancinsa kafin la'asar, ka tsaya sa'a biyu zuwa uku kafin kwanciya. Goro, shayi, kofi da lemon kwalba mai kola kada su wuce azahar. Suna hana barci, suna kuma tsokanar mafitsara. Mun san barin goron yamma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara arba'in yana ci, amma da wuya a samu gyara mai saurin tasiri kamarsa.

Idan ƙafafunka na kumbura da yamma, ruwan nan ne ke komawa jini idan ka kwanta, ƙoda ta mayar da shi fitsari. Ka ɗaga ƙafa bisa matashi na sa'a guda bayan la'asar. Mai shan maganin hawan jini da ke sa fitsari ya tambayi likita ko za a dawo da shi safe. Mai ciwon suga ya duba sugansa, mai minshari da numfashi ke ɗaukewa cikin barci ya faɗa wa likita, domin duka biyun suna ƙara fitsarin dare.

Bayan tiyata, motsa tsokar riƙon fitsari na farawa ne bayan cire roba, ba lokacin da take jiki ba. Ka matse kamar mai riƙe tusa, ba tare da matse ciki ko cinya ba, ka ƙirga biyar, ka saki ka ƙirga biyar. Sau goma, sau uku a yini. Makonni ake yi kafin a ga canji, wasu watanni. Kafin nan ka sa ƙunzugun manya, ka shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, ka ajiye mazubi da tocila kusa. Tsoron jiƙa shimfiɗa kaɗai ya isa hana barci, kuma babu abin kunya a ciki.

Wanda aka ɗora wa allurar rage sinadarin maza, kamar Zoladex, ko aka cire masa 'ya'yan marena, zai iya fama da zafi mai tasowa kwatsam da zufar dare. Kayan auduga marasa nauyi, fanka, wanka kafin kwanciya da rage yaji a abincin dare suna taimakawa.

Akwai kuma fargabar gwajin PSA, wato gwajin jini da ke nuna ko akwai ragowar ciwon dajin, wanda ake yi kamar mako shida zuwa takwas bayan aiki. Idan ka yi kusan minti ashirin barci bai zo ba, ka tashi ka zauna cikin haske kaɗan, ka ja carbi ko ka saurari karatu, ban da waya, sai gyangyaɗi ya zo ka koma. Ka riƙe lokacin tashi guda kullum, ƙailula kada ta wuce rabin sa'a, ka ɗan taka da safe cikin rana.

Kada ka sayi maganin barci a kemis. Diyazefam yana sa dattijo ya faɗi a hanyar banɗaki ko ya ruɗe, su Piriton da Phenergan kuma suna iya tsayar da fitsari. Idan rashin barcin ya kai wata uku, ko ya zo da baƙin ciki da rashin cin abinci, ka faɗa wa likitanka ƙarara.

Wasu abubuwan ba a jiran gari ya waye: robar ta daina zuba na sa'a biyu mara kuma na ciwo, gudajin jini a jaka, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, kumburin sha-raɓa ɗaya, ko ciwon ƙirji da haki. Idan robar ta fita, kada a bari kowa ya mayar da ita sai likitocin da suka yi aikin, domin za a iya farke ɗinkin ciki.