Zama a Nri: abin da baƙo zai kiyaye kafin ya sauke kaya

Nri na cikin ƙaramar hukumar Anaocha ta jihar Anambra, ba nisa da Awka. Ibo da yawa suna kallon garin a matsayin tushen al'adunsu. Sarkinsu, Eze Nri, bai taɓa mulki da mayaƙa ba, ikonsa na tsafi ne. Wakilansa ke zaga garuruwa suna wanke ƙasa idan an yi abin ƙyama, har 1911 da Turawan mulkin mallaka suka tilasta wa Eze Obalike ya saki wannan iko. Shi ya sa har yau ba a wasa da maganar ƙasa a yankin.

Fili na dangi ne, waɗanda suke kira umunna. Mutum ɗaya zai iya karɓar kuɗinka, gobe 'yan uwansa su tashe ka, kuma su ke da gaskiya. Kafin ka biya hayar gona ko wurin rumfa, nemi shugaban gidan da shaidu daga dangin, a rubuta takarda, sannan Sarkin Hausawan yankin ya gabatar da kai ga shugaban ƙungiyar gari. Mai dabbobi ya sani jihar ta haramta kiwon sake tun 2021, kuma ɓarnar doya a wurinsu ta wuce asarar kuɗi, abin ƙyama ce.

Sai goro, inda namu suka fi yin kuskure. Irin wanda muke ci, mai ɓari biyu, suna ci amma ba sa addu'a da shi. Nasu mai ɓari uku ne, huɗu ko fiye. In an miƙo maka faranti, taɓa shi ka mayar wa mai gida. Dattijo ne ke addu'a da harshen Ibo ya fasa, mace ba ta fasawa a gaban maza. Kada ka yi gaggawar kai hannu. In giyar kwakwa ta biyo baya, ka ce addininka ya hana. Za su fahimta, su kawo lemo.

Makonsu na gargajiya kwana huɗu ne: Eke, Oye, Afo, Nkwo. Kowace kasuwar ƙauye da ranarta, don haka wadda ta ci Talata, Asabar za ta sake ci. Litinin kuwa, tun 2021 an sha rufe kasuwanni da hanyoyi, sai ka tambayi maƙwabta kafin ka ɗauko kaya.

Ranar da dodanni suka fito, musamman lokacin bikin sabuwar doya wajen Agusta, ba su hanya, mata su shige gida, kada a ɗauki hoto sai da izini. Cire wa dodo rufin fuska laifi ne da kan tayar da gari. A yankin Idemili da ke maƙwabtaka da Nri ba a kashe mesa ko da ta shigo ɗaki, haka kadojin tafkin Agulu. Kira ɗan gari, shi zai fitar da mesar da sanda.